Hayar Mahaifa: Wace Ce Uwa a Idon Doka?

A watan Mayun 2020, lokacin da korona ta sa ƙasashe suka garƙame iyakokinsu, wani bidiyo ya ɓulla daga birnin Kiyef na ƙasar Yukiren. Wani babban ɗaki ne a otal, an jera gadajen jarirai sahu-sahu, sun haura arba'in. Masu raino sanye da takunkumi suna kaiwa da komowa da kwalaben madara, kuka na tashi ta ko'ina.

Ba marayu ba ne. Jarirai ne da aka haifa ta hanyar hayar mahaifa a ƙarƙashin kamfanin BioTexCom. Matan da suka haife su sun gama aikinsu sun koma gida, domin dokar Yukiren ba ta ba su haƙƙin komai a kan abin da suka haifa ba. Waɗanda suka biya kuɗin kuwa suna can Sifen da Italiya da Faransa da Sin, babu jirgin da zai kawo su. Hukumomin ƙasar sun ce jariran da suka maƙale haka a lokacin sun kai kimanin ɗari.

Bayan shekara biyu, da yaƙin Rasha ya ɓarke, aka sake ganin irinsu, wannan karon a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, ana ɓoye su daga ruwan bama-bamai. Kowane ɗayansu yana da yarjejeniya mai shafuka da yawa, da sa hannu da hatimi. Amma takardar ba ta tsare su daga annoba ko yaƙi ba.

Yadda abin yake

Hayar mahaifa iri biyu ce. A tsohuwar hanya, ƙwan matar da za ta ɗauki cikin ake amfani da shi, a haɗa da maniyyin mutumin da ke neman ɗan. Ke nan jaririn jininta ne. A hanyar da ta fi yawa yanzu, a ɗakin gwaji likitoci ke haɗa ƙwai da maniyyi na ma'auratan, ko na wasu da suka bayar, sannan a dasa ɗan tayin a mahaifar wata matar. Ita raino ne nata, wata tara.

Wannan hanya ta biyu ta samu ne bayan dashen ciki ya kankama, tun daga haihuwar Louise Brown a Ingila a 1978. A Najeriya ma an daɗe da farawa: a 1998 aka haifi wata yarinya ta dashen ciki a wani asibiti a Abuja ƙarƙashin Dakta Ibrahim Wada.

Masu nema ba su da wuyar ganewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida yana fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Akwai wadda aka cire wa mahaifa bayan tiyata, akwai wadda aka haifa ba ta da ita, akwai mai yawan ɓari, akwai mai ciwon zuciya ko ƙoda da likita ya ce ciki zai iya halaka ta. Duk wanda ya san irin gorin da mace ke sha a gidan miji idan shekaru suka ja ba ta ko ɓatan wata, ba zai yi mamakin inda neman mafita ke kai mutane ba.

Kuɗin kuma ba na wasa ba ne. A Amurka jimillar abin da ake kashewa kan haura dala dubu 100, wani lokaci ya doshi dubu 200. A Yukiren yakan tsaya wajen dala dubu 40 zuwa 60. Wannan tazara ita ke tura mutane ƙetare.

Abin da ke cikin takardar

Wanda bai taɓa ganin irin wannan yarjejeniya ba zai ɗauka magana ce ta nawa za a biya, yaushe za a miƙa jariri. Ta wuce nan nesa.

Takardar kan fayyace allurai nawa matar za ta sha na makonni kafin dashe da bayansa, da 'yan tayi nawa za a dasa. Takan hana ta kusantar mijinta na wani lokaci. Takan faɗi abin da za ta ci da wanda ba za ta ci ba, da iya nisan tafiyar da za ta yi idan ciki ya tsufa. Kuɗin ba a dunƙule ake ba ta ba: kaɗan idan an ji bugun zuciyar ɗan tayi, saura wata-wata, cikon bayan haihuwa. Akwai ƙari idan tagwaye ne, ƙari idan aka yi mata tiyata, da wani adadi idan ta rasa mahaifarta gaba ɗaya. Har wannan an yanka masa farashi.

Sai wurin da ya fi kowane zafi. Idan hoton ciki ya nuna jaririn yana da naƙasa, wa ke da ikon cewa a zubar? Idan uku suka kama, masu biya kuma biyu suke so?

A 2012 wata mata a jihar Connecticut ta Amurka ta shiga wannan tsaka mai wuya. Hoto ya nuna jaririyar da take ɗauke da ita tana da matsalar zuciya da ta ƙwaƙwalwa. Ma'auratan suka yi mata tayin ƙarin dala dubu 10 ta zubar. Ta ƙi. Lauya ya tuna mata ta sa hannu. Sai ta kwashe 'ya'yanta ta koma jihar Michigan, inda a lokacin doka ba ta san da wannan yarjejeniya ba, kuma wadda ta haihu ita ce uwa. A can ta haihu, wani iyali ya karɓi riƙon yarinyar. Tsallake iyakar jiha kawai ya mayar da ita daga 'yar haya zuwa mahaifiya.

Nan ne gaskiyar maganar take. Takarda ba ta da ƙarfin kanta. Dokar wurin da aka haihu ce ke hura mata rai ko ta kashe ta.

Shari'o'i biyu, amsa biyu

Shari'ar da ta fara buɗe wa duniya ido ita ce wadda aka fi sani da Baby M. A 1985 Mary Beth Whitehead ta amince ta haifa wa William Stern da matarsa ɗa a kan dala dubu 10, da ƙwanta. Da ta haihu a 1986 sai ta ji ba za ta iya rabuwa da 'yar ba, har ta gudu da ita zuwa Florida. A 1988 Kotun Ƙolin jihar New Jersey ta soke yarjejeniyar, ta ce ta yi kama da cinikin jariri. Ta tabbatar wa Whitehead matsayinta na uwa da damar ziyara, amma ta bar riƙon yarinyar a hannun uban.

Bayan shekara biyar, Kotun Ƙolin Kalifoniya ta bi wata hanya dabam. Anna Johnson ta ɗauki cikin Mark da Crispina Calvert, ƙwai da maniyyi duk nasu. Ita ma ta nemi riƙe yaron. A 1993 kotu ta ce idan mata biyu suna da hujja, ɗaya ta jini ɗaya ta naƙuda, to uwa ita ce wadda tun farko ta yi niyyar samar da ɗan domin ta raine shi. Niyya ta kayar da naƙuda.

A kan wannan hukunci Kalifoniya ta zama cibiyar harkar. Dokarta ta yanzu ta wajabta wa kowane ɓangare ya ɗauki lauyansa dabam, a sa hannu gaban mai shaida na hukuma kafin a fara allura ko dashe, a kuma ajiye kuɗin a wani asusun amana da ba ya hannun dillali. Kotu takan ba da hukuncin su wane ne iyaye tun kafin haihuwa.

New York, wadda ta daɗe da haramtawa, ta halatta a 2021 tare da jerin haƙƙoƙin mai ɗaukar cikin. Masu nema ne za su biya mata lauyan da ta zaɓa da kanta. Za su yi mata inshorar lafiya har shekara guda bayan haihuwa, da inshorar rai. Sannan duk wata shawara da ta shafi jikinta, ciki har da tiyata da zubar da ciki, tata ce, ko me aka rubuta a takarda. Michigan ɗin nan ma ta sauya dokarta a 2024.

Masu cewa a yi, amma ban da ciniki

Birtaniya ta tsaya a tsakiya tun dokarta ta 1985. Ba laifi ba ne mace ta ɗauki ciki domin wata, amma kotu ba za ta tilasta wa kowa cika yarjejeniyar ba, kuma dillanci domin riba laifi ne. Wadda ta haihu ita ce uwa a doka, mijinta kuma uba, har sai kotu ta mayar da iyayentakar. Amincewarta ma ba ta da daraja sai jariri ya yi mako shida a duniya. Kuɗin ɗawainiya kaɗai aka yarda a ba ta.

Afirka ta Kudu ta fi kowa tsari a nahiyarmu. Dokar yara ta 2005 ta ce sai Babbar Kotu ta duba yarjejeniyar ta amince kafin a yi dashe. Dole matar ta kasance tana da ɗanta a raye, dole ɗaya daga cikin masu nema ya zama jinin jaririn, kuma babu lada sai ɗawainiya da inshora da asarar albashi. Gana ma, a dokar rajistar haihuwa da mutuwa ta 2020, ta buɗe ƙofar neman hukuncin Babbar Kotu tun ciki yana ƙarami, domin a san sunan da za a rubuta a takardar haihuwa.

Faransa da Jamus sun haramta baki ɗaya. Italiya ta ƙara gaba a Oktoban 2024: ɗan ƙasar da ya je ya yi a waje ma zai iya shan ɗaurin shekara biyu da tarar da ta kai yuro miliyan ɗaya.

Kasuwar da ba ta mutuwa

Indiya ce ta nuna abin da ke faruwa idan kuɗi suka riga doka isowa. Daga farkon shekarun 2000 garin Anand na jihar Gujarat ya yi suna. Matan talakawa suna kwana a ɗakunan da asibiti ya tanada, nesa da iyalansu, har su haihu. Da yawa sun dangwala hannu a takardun Turanci da ba su iya karantawa ba. Abin da ke shiga hannunsu 'yan dubban daloli ne, ƙaramin kaso na abin da baƙi suka biya.

A 2008 aka haifi wata jaririya mai suna Manji a can. Ma'auratan Japan da suka nema sun rabu kafin a haife ta. Matar ta ce ba ruwanta, tunda ƙwan ba nata ba ne. Mai ƙwan ba a san ta ba. Mai haihuwar ta gama nata. Japan ta ce uwa ita ce wadda ta haifa, Indiya ta ce ba haka takarda ta nuna ba. Mata uku, amma yarinya ba uwa, ba fasfo, ba ƙasa. Kakarta ta wajen uba ce ta zo ta zauna da ita na watanni har maganar ta kai Kotun Ƙoli aka samar mata takardar tafiya.

Indiya ta rufe wa baƙi ƙofa a 2015, sannan dokar 2021 ta haramta biyan lada kwata-kwata. Yanzu sai matar da ta taɓa aure, mai shekara 25 zuwa 35, mai ɗanta, kuma sau ɗaya a rayuwa. Mai dillanci na iya shan ɗaurin shekara goma.

Tailan ta rufe a 2015 bayan rikicin wani yaro mai suna Gammy, wanda aka haifa da lalurar Down mai tauye ci gaban ƙwaƙwalwa. Ma'auratan Ostareliya sun tafi da 'yar tagwaicinsa, shi ya zauna wurin wadda ta haife shi. Daga baya wata kotu a Ostareliya ta ce ba yasar da shi suka yi ba, amma kafin nan doka ta riga ta sauya. Nepal da Kambodiya suka biyo baya, Rasha ta hana baƙi a ƙarshen 2022.

Sai dai harkar kamar kasuwar bakin titi take: a kore ta nan, gobe ta ci a gaba. Dillalan ba sa neman inda doka ta halatta kamar yadda suke neman inda doka ta yi shiru.

Najeriya: ba a hana ba, ba a halatta ba

A Legas da Abuja da Fatakwal asibitocin haihuwa suna yin wannan aiki a fili. Dillalai suna tallar neman 'yan mata masu lafiya a Facebook da WhatsApp. Fitacciyar 'yar fim Ini Edo ta bayyana a 2021 cewa ta wannan hanya ta samu 'yarta. Amma har yau babu dokar tarayya ko ɗaya da ta ce ga uwa, ga haƙƙin mai ɗaukar ciki, ga abin da za a yi idan aka saɓa.

Abin da ke akwai gutsattsari ne. Jihar Legas ta fitar da ƙa'idojin aikin asibitocin dashen ciki a 2019, amma ƙa'ida ba dokar majalisa ba ce, kuma iyakarta Legas. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta haramta saye da sayar da yaro ko hayarsa, da ɗaurin shekara goma, kuma lauyoyi sun rabu a kan ko wannan ya shafi hayar mahaifa. An sha gabatar da ƙuduri a Majalisar Tarayya, ciki har da na 2024 mai neman kafa hukumar sa ido.

A wannan duhu, mai ƙaramin ƙarfi ke kwana a ciki. Sau da yawa dillali ne ke rubuta takardar, lauyansa ne lauyan kowa, shi ke riƙe da kuɗin. Idan ciki ya zube a wata na biyar, ko jijjiga ta kama ta, ko jini ya ɓalle bayan an miƙa jariri, wa za ta kama? Kada a manta, a ƙasar da ke ɗauke da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya ake wannan ciniki.

Su ma masu biyan ba su tsira ba. A 2025 Babbar Kotun Ingila ta yi gargaɗi bayan shari'ar wasu ma'aurata da aka haifa wa ɗa a Najeriya ba tare da sun san ko wace ce matar ba. Kotu ta kasa samun matar domin tabbatar da amincewarta, ko da yake daga baya ta ba su hukuncin zama iyaye.

Ga kuma gidajen ƙyanƙyasar jarirai da hukumar NAPTIP da 'yan sanda ke yawan kai wa samame a kudu. Inda babu rajista babu sa ido, mai sayar da jariri ma zai iya cewa hayar mahaifa ce. Maƙwabtanmu sun ɗanɗana. A 2014 aka gurfanar da mutane kusan talatin a Nijar bisa zargin jingina wa matansu jariran da aka ce daga Najeriya aka samo su. Tsohon shugaban majalisa Hama Amadou na cikinsu, an yanke masa shekara ɗaya a 2017, ko da yake ya musanta, yana cewa bi-ta-da-ƙullin siyasa ne.

Abin da malamai suka ce

Ga Musulmin Arewa tambayar ba ta tsaya a kotun Bature ba. Mafi yawan malaman Sunna sun halatta dashen ciki tsakanin miji da matarsa muddin auren yana nan, amma sun haramta shigar mutum na uku, ko da ƙwai, ko da maniyyi, ko da mahaifa. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tsayar da haka a zamanta na Amman a 1986.

Akwai wani tarihi da zai ja hankalin gidan da ke da kishiyoyi. A 1984 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta yi sassauci: idan kishiya ta yarda ta ɗauki cikin abokiyar zamanta, tunda mijin ɗaya ne, ya halatta. Shekara guda bayan nan ta janye. Dalilinta shi ne kishiyar na iya ɗaukar nata cikin a daidai lokacin, a rasa gane na wace ce aka haifa, nasaba da gado su cakuɗe.

Idan kuma an riga an yi, malamai sun saɓa. Da yawa sun kafa hujja da aya ta biyu ta Suratul Mujadala da ke jingina uwantaka ga wadda ta haifa. Wasu sun ce mai ƙwai ce uwa, mai ɗaukar cikin kuma tana matsayin uwar shayarwa. Iran, inda malaman Shi'a suka buɗe ƙofa, ita ce fitacciyar ƙasar Musulmi da ake yi a bayyane. A ɓangaren Kirista, Fafaroma Francis ya nemi a haramta a duniya baki ɗaya a Janairun 2024.

Matsayin malaman Musulunci yana da tasiri na zahiri. Tsarin mulkin Najeriya ya ba kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'a hurumi a kan aure da dangantaka da riƙon yara da gadon Musulmi. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a ofishin lauya a Legas ba ita za ta yanke hukunci ba ranar da aka zauna rabon gado a Kano ko Sakkwato, wani ɗan'uwa ya miƙe ya ce wannan yaron ba ita ta haife shi ba. Yaron da bai sa hannu a komai ba shi zai ɗauki nauyin.

Ina aka dosa?

Masu goyon baya suna cewa mace baliga tana da ikon yanke shawara a kan jikinta, kuma rashin adalci ne likita da lauya da dillali su ci riba a ce ita kaɗai ta yi don Allah. Suna da gaskiya a nan. Masu adawa suna cewa yardar da yunwa ta sa aka yi ba yarda ba ce, kuma ba a taɓa jin matar attajiri ta ɗauki ciki domin 'yar aikinta ba. Su ma ba a iya ƙaryata su.

Mutum na iya tsayawa a kowane ɓangare. Abin da ba shi da mai kare shi shi ne halin da ake ciki yanzu, inda ake yin abin kullum amma hukuma ta kawar da kai. Idan haramtawa za a yi, a faɗa a fili, a kuma tanadi matsayin yaran da aka riga aka haifa. Idan halattawa ce, to kotu ta ga takarda kafin allurar farko, matar ta samu lauyanta da takarda a harshen da take ji, kuɗin su bar hannun dillali, a yi mata inshora, a rubuta sunan kowa a rajistar hukuma. Jihohin da ke aiki da Shari'a kuma a bar su su faɗi matsayinsu a rubuce.

Ga 'yan Majalisar Tarayya: asibitoci ba su jira ku ba, dillalai ma ba su jira ku ba. Ku zauna da likitoci da malamai da lauyoyi da matan da suka ɗauki irin wannan ciki, ku fitar da doka.